Tsaron Fasinjan Bas: Abin da Ɗan Sanda Zai Iya da Abin da Ya Fi Ƙarfinsa

A watan Mayun 1968 'yan fashi suka harbe wani direban bas a birnin Washington na Amurka, yana bakin aikinsa da dare. Abin da suka zo nema bai wuce 'yan kuɗin da ke hannunsa ba. A wancan zamani direba shi ke tuƙi, shi ke karɓar kuɗin mota, shi ke ba da canji, don haka kowane ɓarawo ya san cewa bas asusu ce mai yawo, mutum ɗaya ke gadinta, shi ɗin ma idonsa na kan titi. Da aka kashe abokin aikinsu, direbobin birnin suka ce sun daina fita da dare ɗauke da kuɗi. Daga wannan turjiya aka samo tsarin da ya bazu a manyan biranen ƙasar cikin ƙanƙanin lokaci: fasinja ya zo da daidai kuɗinsa ya jefa a akwatin ƙarfe da ke kulle, direba ba shi da makulli, ba ya kuma ba da canji. New York ta bi sahu a 1969. Fashin direbobi ya ragu ƙwarai da gaske, kuma akwati da kwaɗo ne suka karya lagonsa.

Na soma da wannan labari ne saboda duk sa'ad da wani mummunan abu ya auku a cikin bas, ko a wace ƙasa ce, kukan farko da ake ji shi ne a zuba 'yan sanda. Ban ga laifin mai wannan kuka ba. Wanda aka yanke wa aljihu, ko wadda aka ci wa mutunci a cikin cunkoso, ba ta neman dogon bayani, so take ta ɗaga kai ta ga mai kaki. Amma wanda ya bi diddigin abin da biranen duniya suka gwada cikin shekaru hamsin da wani abu zai tarar da cewa yawancin abin da ke sa fasinja ya isa gida lafiya an riga an yanke shi tun kafin ɗan sanda ya iso: yadda ake karɓar kuɗi, yadda ake biyan direba, tsawon jiran mota, inda aka kafa wurin jiran, da kuma wanda zai saurari fasinja in ya kai kuka. Ɗan sanda yana da nasa gurbin, gurbi ne na gaske, sai dai ya fi yadda ake zato ƙanƙanta.

Dalili na farko lissafi ne kawai. Jirgin ƙasa yana da tasha mai ƙofa da shinge, mai ita ɗaya ne, kuma jirgi guda yakan kwashi mutum ɗaruruwa, don haka jami'i biyu ko uku suna iya sa ido a kan jama'a mai yawa. Bas kuwa a buɗe take ga titi, tana tsayawa kowane 'yan mintoci, kowa ya shiga kowa ya fita. Landan kaɗai tana da bas fiye da 8,000 da wuraren jira kusan 19,000. In aka ce kowace mota sai da ɗan sanda, safe da rana da dare, har da masu karɓar wasu in sun tashi da masu hutu, adadin da ake buƙata zai cinye mafi yawan rundunar birnin. Ga kuma batun hurumi. A Landan ɗin, rundunar da ke kula da jiragen ƙasa daban take, motocin bas kuma suna hannun 'yan sandan birni, ta wani sashe da hukumar sufuri ke zuba wa kuɗi. A wurare da dama babu ma irin wannan rabo a fili. Mota takan tashi daga yankin wannan ofishi, a yi laifin a yankin wancan, a sauke wanda aka cuta a na uku, kowane ya ce ba a wurinsa abin ya faru ba.

Dalili na biyu ya fi zurfi. Kalmar tsaro buhu ce da aka cusa wa abubuwan da ba su da dangantaka da juna. Ɗan sane cunkoso yake so, ya fi samun ciniki a bakin ƙofa lokacin da ake turereniyar shiga. Mai shafar jikin mata shi ma cunkoson ne garkuwarsa, don in an yi magana ya ce matsi ne. Ɗan fashi da mai fyaɗe kuwa akasin haka suke nema: motar da ta yi fayau, wurin jira mai duhu, hanyar da ba kowa. Dukan direba yawanci daga gardamar kuɗin mota yake tashi, ko daga wanda aka wuce da shi wurin saukarsa. Ga hatsarin hanya, wanda a ƙasashe da yawa ya fi duk waɗannan cin rai. Ga ƙungiyoyin da ke karɓar kuɗin dole daga masu motoci, ga kuma harin ta'addanci. Maganin da ya kori ɗaya yana iya buɗe wa ɗaya ƙofa, shi ya sa hukumar da ta ce za ta "inganta tsaro" ba tare da ta faɗi wanne daga ciki take nufi ba, da wuya a ga abin da ta yi.

Inda ya kamata a fi tsayawa, a ganina, shi ne wurin jira, domin nan ne aka fi mantawa da shi. A tsakiyar shekarun 1980 wasu masana biyu, Ned Levine da Martin Wachs, suka bi gida-gida ta waya a wani yanki na Los Angeles suna tambayar mutane abin da ya taɓa samunsu a harkar shiga bas. Suka gano abu biyu. Laifukan da mutane suka ce an yi musu sun ninka abin da ke cikin littafin hukumar sufuri ninkin-ba-ninkin. Sannan kaso mai yawa ba a cikin motar aka yi su ba, a wurin jira ne ko a kan hanyar zuwa da dawowa. Hukumar ba ta ƙirga waɗannan domin a wurinta laifin titi ne, 'yan sanda kuma ba sa rubuta cewa mutumin bas yake jira. Laifin sai ya ɓace tsakanin littattafai biyu.

Daga baya, a 1999, farfesa Anastasia Loukaitou-Sideris ta jami'ar California da ke Los Angeles ta ɗauki wuraren jira goma da suka fi ko'ina yawan laifi a birnin, daga cikin dubbai, ta je ta duba su da idonta. Kusan duk kamanninsu ɗaya ne: lungu a kusa da ɓarawo zai kurɗa ya ɓace, kangon gini, shagon giya, shara da ta taru, bango ko filin ajiye motoci da ya raba wurin da idon masu shaguna. Wani wurin jiran da ke 'yan taku kaɗan daga nan, a layi ɗaya, da fasinjoji iri ɗaya, sai a tarar lafiya lau yake don kawai yana gaban shago mai haske da mutane ke shiga da fita. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ma'anar wannan ita ce wani lokaci matsar da wurin jira daga wannan kusurwa zuwa waccan, ko sa fitila, ko cire allon talla da ya tare gani, ya fi sintirin wata shida amfani, kuma sau ɗaya ake biyan kuɗinsa.

Jiran kansa ma haɗari ne. Wanda ya san mota za ta zo cikin minti biyar ba ya daɗewa a fili, ba ya kuma fidda rai har ya faɗa motar da bai sani ba. Wanda bai san ko za ta zo ba shi ke zama nama. Don haka yawan zirga-zirgar motoci da cika alkawarin lokaci, da allon da ke nuna saura minti nawa, duk aikin tsaro suke yi ko da yake a kasafin sufuri ake rubuta su. Toronto ta Kanada ta daɗe da wani tsari mai sauƙi da ya burge ni: da dare fasinjan da ke tafiya shi kaɗai yana iya roƙon direba ya sauke shi tsakanin tashoshi biyu, kusa da gidansa, don a rage masa tafiyar ƙafa cikin duhu. Da mata aka fara, daga baya aka buɗe wa kowa. Montreal, ita ma a Kanada, da wasu biranen Faransa su ma suna yi. Ba a sayi komai ba, izini kawai aka ba direba.

To ina sintiri ya shigo? Binciken aikin ɗan sanda ya daɗe da nuna cewa laifi ba ya bazuwa daidai a gari, taruwa yake a 'yan wurare ƙalilan, kuma zuwa waɗannan wurare kai tsaye ya fi yawon mota a unguwa. Wani masani, Christopher Koper, ya nuna a 1995 cewa tsayuwar minti 10 zuwa 15 ita ta fi barin tasiri bayan jami'i ya tafi, abin da ya wuce haka ƙarin amfaninsa kaɗan ne. Sai dai da aka gwada wannan a wuraren jiran bas 102 a Landan, a wani gwaji da Barak Ariel na jami'ar Cambridge ya jagoranta, sakamakon ya zo da abin mamaki. Koke-koken da direbobi ke kaiwa sun ragu, amma laifukan da jama'a suka kai ƙara a kewayen wuraren sun ƙaru. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne cewa zuwan jami'an ya zama abin da ake iya hasashe. Ɓarawon da ke zaune a wurin kullum ya fi kowa sanin lokacin zuwansu da na tafiyarsu, kuma in sun juya baya ya san yana da sa'o'i a hannunsa. Wannan gwaji yana da daraja a wurina domin ya nuna sintiri ba ruwan sanyi ba ne da ko bai yi magani ba ba zai cutar ba. In aka tsara shi da ka, yana iya zama gyaran gangar auzinawa.

Kamara ma haka take. A arewacin Ingila, a shekarun 1980, wani kamfani ya sa kamara a kaɗan daga motocinsa masu bene, ya kuma zagaya makarantu yana nuna wa yara yadda take kama mai yaga kujera. Ɓarnar kujeru ta ragu a dukan motocin, har da waɗanda ba su da kamarar, don yaran ba su san wacce ce wacce ba. Amma da masana irin su Brandon Welsh da David Farrington suka tattara gwaje-gwajen ƙasashe daban-daban, suka ga kamara ta fi hana laifi a filin ajiye motoci, a harkar sufurin jama'a kuwa tasirinta wajen hanawa bai kai haka ba. Dalilin a fili yake. Mai lissafi kafin ya yi laifi yana tsoron kamara, amma wanda ya bugu ko wanda zuciya ta ɗebe shi bai ma tuna da ita ba. Babban amfaninta yana zuwa ne bayan an yi, wajen gane fuska da kafa hujja a kotu, shi ma sai in tana aiki, an ajiye hoton, kuma akwai wanda zai nema kafin a goge. Inda ba a cika waɗannan ba, ihu ne bayan hari.

Akwai wani mutum da aka kora daga cikin bas ba tare da an lura da aikin da yake yi ba, wato kwandasta. Tun daga shekarun 1960 kamfanoni a Turai suka riƙa cire shi don rage albashi, aka bar direba shi kaɗai. A takarda aikinsa karɓar kuɗi ne. A zahiri shi ne idon da ke kallon bayan mota, shi ke cewa a matsa wa tsohuwa, shi ke kashe wutar rigima tun tana hayaƙi. Holan ta gane asarar da ta yi, don haka a tsakiyar shekarun 1980 ta ɗauki matasa marasa aikin yi kusan 1,200 ta zuba su a motocin haya da jiragen cikin gari na Amsterdam da Rotterdam da Hague, aikinsu duba tikiti, ba da bayani da sa ido. Shiga ba biya ya ragu sosai. Delhi ta sa masu gadi a motocinta daga 2015, ta ƙara yawansu a 2019. Los Angeles ta fito da ma'aikatan da ba sa ɗaukar makami, masu taimaka wa fasinja da kiran agaji in an samu matsala. Abin da ke bayan duk wannan shi ne cewa mafi yawan abin da ke tayar wa fasinja hankali bai kai na kamu ba: maye, zagi, mai taɓin hankali da ke ihu, samari masu tsokana. Waɗannan mutum suke buƙata mai izinin yin magana, wanda kuma ya san wa zai kira in abin ya fi ƙarfinsa. Raunin tsarin shi ne ma'aikatan sukan zama na wucin gadi, ba horo sosai, kuma su ne na farko da ake sallama in kuɗi ya yi ƙasa, kamar yadda ya faru da dubban masu gadin Delhi a ƙarshen 2023.

Shi kuwa direba, lafiyarsa ita ce lafiyar duk wanda ke bayansa. Ranar 28 ga Oktoba 2018, a Chongqing na ƙasar Sin, wata fasinja da aka wuce da ita wurin saukarta ta hau direba da faɗa, ta buge shi da waya, shi ma ya rama, motar ta ƙwace ta faɗa kogin Yangtze daga kan gada da mutum 15 a ciki. Babu wanda ya tsira. Bayan haka ne biranen ƙasar suka dage wajen killace kujerar direba, kuma daga 2021 dukan direba ko kama masa sitiyari yana tuƙi ya zama laifi mai zaman kansa a dokar ƙasar. A Bayonne ta Faransa, a Yulin 2020, wasu fasinjoji suka yi wa direba Philippe Monguillot dukan da ya yi ajalinsa bayan ya yi musu magana kan tikiti da takunkumin fuska. Shi ya sa hukumomi da dama yanzu suke gaya wa direbobinsu cewa su faɗi kuɗin mota sau ɗaya, in mutum ya ƙi su ƙyale shi su danna maɓallin rahoto. Wanda ke riƙe da ran mutum hamsin bai kamata a ɗora masa aikin karɓar bashi ba.

Wani lokaci kuma direban ne abin tsoro, kuma ko a nan tsarin biyansa ne ke tura shi. Inda direba zai kawo wa mai mota balas kullum, abin da ya saura ne nasa, kowane fasinja da ke bakin titi abincin gidansa ne, don haka dole ya yi tsere, ya yi lodin da ya wuce ƙima, ya tsaya a tsakiyar hanya. Mutanen Bogota, babban birnin Kolombiya, sun sa wa wannan suna yaƙin kwabo. Da aka buɗe sabon tsarin bas na birnin mai suna TransMilenio a Disambar 2000, zamanin magajin gari Enrique Peñalosa, aka koma biyan kamfanoni bisa nisan da motocinsu suka yi, direba kuma ya koma ɗan albashi, tseren ya mutu a waɗannan layuka don ba shi da sauran riba. Tarar ɗan sanda ba ta taɓa iya wannan ba, domin direba yana lissafa ta ne cikin kuɗin kashewa na yini. Kenya ta gwada hanyar doka a 2004 da ƙa'idojin minista John Michuki: na'urar ƙayyade gudu, bel ga kowace kujera, rajistar direba da yaron mota. An ga sauƙi da farko, daga baya aka yi sake. A ƙasar dai, wasu masana biyu na jami'ar Georgetown, James Habyarimana da William Jack, suka liƙa 'yan takardu a cikin motocin haya suna zuga fasinja ya buɗe baki in direba na ganganci. Motocin da aka liƙa wa sun samu raguwar hatsarin da ake kai wa kamfanonin inshora. Fasinjoji dama suna jin tsoro, kowa na jiran wani ya fara magana, takardar ce ta ba su izini.

Batun da ya fi raba kan masana shi ne farautar masu shiga ba biya. Masu goyon baya suna kafa hujja da ra'ayin da James Wilson da George Kelling suka wallafa a 1982, cewa ƙananan ɓarna in an ƙyale su suna gayyato manya, da kuma abin da William Bratton ya yi da ya karɓi ragamar 'yan sandan sufurin New York a 1990, inda aka tarar cewa wasu daga cikin masu tsallake shingen tikiti suna ɗauke da makami ko kotu na nemansu. Maganarsu ba ta banza ba ce. Tsarin da rabin fasinjojinsa ba sa biya zai rasa kuɗin gyaran mota, kuma masu biya za su ji an mai da su wawaye. Amma a dubi wanda sandar ke sauka a kansa. A Washington, wani bincike da ƙungiyar lauyoyin kare haƙƙi ta fitar a 2018 ya nuna kashi 91 cikin 100 na waɗanda aka rubuta wa takardar laifin shiga ba biya baƙar fata ne, kuma majalisar birnin ta mai da laifin na tara kawai. A Jamus har yau wata doka da ta samo asali daga 1935 tana ɗaukar wannan a matsayin laifin da ake hukuntawa, kuma dubban mutanen da suka kasa biyan tara suna shiga kurkuku kowace shekara, akasarinsu marasa aikin yi ko marasa matsuguni. Kuɗin ciyar da su a kurkukun ya ninka kuɗin tikitin sau ɗaruruwa. Tallinn ta Estoniya tun 2013 (ga mazauna birnin) da Luxembourg tun 2020 sun kauce wa gardamar ta hanyar mai da sufuri kyauta, abin da ba kowane gari ne ke da aljihunsa ba.

Ni dai matsayina shi ne duba tikiti aikin ma'aikacin kamfani ne, hukuncinsa kuma tara daidai ƙarfin mutum. Duk sa'ar da ɗan sanda mai bindiga ya ɓata yana rubuta wa talaka takarda, sa'a ce da bai bi sawun ɗan sanen da ya addabi layin ba. Ga kuma asarar da ba ta fitowa a lissafi: unguwar da ta saba ganin ɗan sanda a matsayin mai kama 'ya'yanta kan kuɗin mota ba za ta kira shi ba ranar da ta ga laifi na gaske. Kada kuma a manta cewa 'yan sandan da suka sauke Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta bar wa farar fata kujera, daga bas a Montgomery ta Amurka ranar 1 ga Disamba 1955 doka suke aiwatarwa. Ga wasu al'ummomi, ganin kaki a ƙofar mota ba ya nufin kwanciyar hankali, kuma hukumar da ta yi kamar ba ta san da wannan tarihi ba za ta sha mamakin dalilin da ya sa ba a ba ta haɗin kai.

Akwai wuraren da babu mai maye gurbin ɗan sanda. A Guatemala ƙungiyoyin daba sun shafe shekaru suna karɓar kuɗin dole daga masu motocin haya, kuma an kashe ɗaruruwan direbobi da yaran mota don a tsorata waɗanda suka ƙi biya. Fitila ko kwandasta ba za su taɓa wannan ba, sai bincike mai zurfi, bin sawun kuɗi da waya, kare shaidu, da kotun da ba ta sayuwa. Harin da aka kai wa bas mai lamba 30 a dandalin Tavistock na Landan ranar 7 ga Yuli 2005, wanda ya kashe fasinja 13, irinsa tun kafin mai shi ya iso bakin mota ake tare shi, ta hanyar bayanan sirri. In kuma abin ya riga ya faru, horo ne ke raba rai da mutuwa. A Rio de Janeiro, ranar 12 ga Yuni 2000, wani matashi ya yi garkuwa da fasinjojin bas mai lamba 174 na tsawon sa'o'i, ana nunawa kai tsaye a talabijin. Da ya fito riƙe da wata malamar makaranta, wani jami'i ya harba, harsashin ya same ta maimakon shi, matashin ma ya harbe ta, ta rasu, shi kuma ya mutu a cikin motar 'yan sanda bayan an kama shi. Jami'ai sun cika wurin maƙil a ranar. Abin da aka rasa shi ne tsari da kayan aiki da umarni guda.

Na bar batun mata zuwa ƙarshe ne domin a nan duk zaren ya haɗu. Daren 16 ga Disamba 2012, wata ɗaliba 'yar shekara 23 da abokinta suna neman abin hawa zuwa gida a Delhi, suka shiga wata bas mai zaman kanta da ba ta da izinin ɗaukar fasinja a wannan hanya. Maza shida da ke ciki, har da direban, suka yi mata fyaɗe da azabar da ta yi ajalinta ranar 29 ga watan a wani asibiti a Singapore. Indiya ta girgiza, aka kafa kwamitin mai shari'a Verma, aka tsaurara doka a 2013, aka rataye huɗu daga cikinsu a 2020. Hukuncin ya samu kulawar duniya. Abin da bai samu irin wannan kulawa ba shi ne abubuwan da suka gabaci laifin: motar haya ta halal ba ta zo ba, motar da ba ta da izini tana yawo tana kiran fasinja ba wanda ya tare ta, gilasanta masu duhu ne alhali kotun ƙolin ƙasar ta hana hakan a shekarar. Kowanne daga cikin waɗannan ƙaramin sakaci ne na wani ofishi.

Wasu birane sun zaɓi raba maza da mata. Birnin Mexico ya fito da motocin mata zalla a 2008, kuma matan da ke shiga suna yabawa, ba zan raina wannan sauƙi ba. Sai dai motocin ba sa isa, ba sa kare mace a wurin jira ko a hanyar gida, kuma suna iya sa a riƙa tambayar wadda aka ci wa zarafi a motar kowa-da-kowa me ya kai ta can. Quito ta Ecuador ta bi wata hanyar a 2017: mace ta aika saƙon waya da lambar motar, nan take lasifika ya yi gargaɗi a cikin motar, direba ya sani, ma'aikata su kira ta, jami'ai su jira a tasha ta gaba. An sauke mata nauyin yin ihu ita kaɗai a gaban mutanen da watakila ba za su tanka ba.

A Landan, wani binciken hukumar sufuri ya nuna cewa cikin mata goma da aka yi wa irin wannan cin zarafi a abin hawa, tara ba sa kai ƙara. Wasu sun ɗauka abin bai kai ba, wasu sun tabbata ba abin da za a yi. A 2013 hukumar da rundunonin 'yan sanda uku suka haɗu a wani shiri mai suna Project Guardian: aka horar da jami'ai kusan 2,000 kan yadda ake karɓar irin wannan ƙara, aka sa masu farin kaya a layukan da abin ya yi yawa, aka riƙa haɗa rahotanni domin mai wannan ɗabi'a yakan maimaita ta a layi ɗaya, a lokaci ɗaya, kuma ƙorafi uku da kowanne bai isa hujja ba suna iya isa in an jera su. Adadin ƙararrakin da aka rubuta ya hau, kamun ma ya hau, kuma tun farko an shaida wa jama'a cewa hawan adadin shi ake nema. Inda ake auna shugaban 'yan sanda ko manajan sufuri da raguwar lamba kawai, jami'in da ke kan tebur yana da dalilin da zai sa ya lallashi mace ta haƙura ta tafi gida, littafi ya zauna fes, ita kuma daga ranar ta daina karɓar aikin dare ko ta bar makarantar yamma, a rubuta cewa fasinjojin layin sun ragu.